Ranar Da Na Ce Wa Inna Ta Yi Shiru

Shekarun baya da ɗan dama, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Yelwa ta ƙasar Yawuri, na yi wani abu da har yau in na tuna shi sai kunya ta rufe ni. Na daka wa mahaifiyata tsawa a gaban mutane, kuma a kan talabijin.

Inna Bagungiya ce, wato cikin Gungawa mutanen tsibirai. A wani tsibiri da ke tsakiyar kogin Kwara aka haife ta, can aka yi mata aure. Da aka gina dam ɗin Kainji, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ruwa ya cinye tsibirinsu da wasu da yawa, aka kwashe su zuwa sabbin ƙauyuka a bakin tafki. Ni a can aka haife ni, cikin gidajen simintin nan masu lanƙwasasshen rufi da ke gasa mutum da bazara. Ban taɓa ganin tsibirin ba, kuma Inna ba mai yawan labarinsa ba ce. Bayan rasuwar mahaifinmu na lallaɓa ta ta dawo gidana da zama.

Wata shekara sai ga wasu 'yan fim sun zo Yawuri, wai za su shirya fim a kan tashin mutanen tsibirai. Wani abokin aikina ya turo su wurina, ya ce ai tsohuwata da ita aka yi. Darakta ya zo har gida tare da yarinyar da za ta fito a matsayin jarumar fim ɗin, suka durƙusa suka gaida Inna. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba ta da abin faɗi. Ni na matsa mata, har da cewa tarihi ne kuma jikokinta za su amfana. Gaskiyar magana kuwa, ni ce nake son a ce 'yan fim na shiga gidana.

Kwana uku yarinyar tana zuwa. Inna ta nuna mata yadda suke ɗaura zani a wancan zamani, da yadda ake watsa wa albasa ruwa da ƙwarya ba tare da an kwantar da ita ba, da yadda mace ke shiga jirgin ruwa da tukunya a ka. Ta yaba da hankalin yarinyar, ta ce tana da ladabi, har tana ajiye mata bandar kifi. Inna tana jin Hausa sarai, amma in labari ya yi nisa sai ta zarce da yarensu Gunganci ba ta sani ba. Nan aikina ya samu. Na zama tafinta, ina zaune tsakaninsu da tabarau a hanci. Kuma duk inda na ji labarin ya yi lami, sai in ɗan ƙara masa gishiri, a ganina taimako nake yi.

Fim ya fito bayan wasu watanni. Na kalla sau biyu, kowane karo sai da na jiƙa mayafi. Na yi, na yi da Inna ta zauna ta gani, ta ce abin da ta gani da idonta ba ta bukatar a nuna mata shi cikin akwati. Na ƙyale ta.

Ana nan, wata Laraba darakta ya bugo mini waya. Ya ce an yi bikin karrama 'yan fim a birni, jarumarsu ta ci kyauta, kuma za a nuna bikin a talabijin ranar Lahadi bayan azahar. Ya ƙara da cewa lallai mu kalla, domin yarinyar ta ambace mu. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma kafin in kai ƙofar ofishin shugaban makaranta, maganar ta zama za a kira sunan Inna a talabijin. Kafin in iso gida ta zama za a kira sunanta da nawa. Ba wanda ya ƙara mata komai sai ni.

Na gayyaci maƙwabta da malaman makarantarmu mata. Na aika wa kawuna, ƙanen Inna, wanda ke kamun kifi a wani ƙauye wajen Wara, ya biyo jirgin kasuwa ya zo tun ranar Asabar. Na dafa shinkafa da kifi, na haɗa zoɓo har roba biyu. Mijina ya fito da talabijin ƙarƙashin rumfa, ya cika janareta da mai don kada a ɗauke wuta a ba mu kunya. Shi dai ya ce mini in rage ɗoki, tunda ban ji da kunnena abin da yarinyar ta ce ba. Na ce masa shi matsalarsa ke nan, bai iya murna ba. Inna kuma na sa ta ɗaura sabon leshinta, na ajiye mata kujera a gaba. Ta bi ni da ido kawai ta zauna.

Aka fara. Ni a zatona da an buɗe da addu'a sai a shiga rabon kyauta. Ashe ba haka ake yi ba. Kusan awa guda ba abin da ake nunawa sai mutane suna saukowa daga mota suna taka jar darduma, wata yarinya da makirfo tana tare su tana tambayar wa ya ɗinka musu kaya. Kawu ya juyo ya tambaye ni ko bikin teloli ne. Matan unguwa kuwa abin ya yi musu daɗi, suka rabu gida biyu a kan ɗaurin ɗankwalin wata jaruma, wasu na cewa ya yi, wasu na cewa kamar ta kifa kwando. Har aka fara ɗaga murya. Sai da na tashi na raba zoɓo kafin wurin ya lafa.

Daga nan sai jawabai. Babban baƙo ya yi, wakilin babban baƙo na biyu ya yi, uban taro ya ce shi ba zai tsawaita ba, sannan ya tsawaita fiye da kowa. Inna ta yi gyangyaɗi ta farka, ta tambaya ko an gama. Aka kira la'asar, maza suka fita masallaci suka dawo, mutumin nan yana nan yana gode wa waɗanda suka ba da ɗakin taro. Shinkafa ta ƙare. Wata malama ta fara neman takalminta, na riƙe ta na ce saura kaɗan. Duk wanda ya dube ni sai in yi murmushi, a ciki kuwa tafasa nake.

Da ƙyar aka shiga kyaututtuka. Kafin a ba kowane fim, sai a ɗan nuna wani yanki daga cikinsa. Da aka zo kan namu, a rukunin tsara wurin ɗauka, aka nuna bakin ruwa da jirage jere da mutane suna lodi. Ni na gyara zama ina jiran yabo. Sai kawu ya miƙe tsaye ya matsa har gaban talabijin, ya tsare wa kowa.

"Wanga jirgin katako ne," in ji shi. "Ga ma wurin ɗaura inji nan. Mu da icce guda aka sassaƙa muna jirgi. Kuma dubi yadda shika riƙon filafili, kamar mai tuƙin tuwo."

Aka kwashe da dariya. Wani tsoho maƙwabcinmu, mutumin Shanga, ya ce shi kuma ya hango rufin kwano a bayan bukkokin. Kawu ya ce da wannan matuƙin aka ba su a wancan lokaci, da har yau suna tsakiyar ruwa suna zagaye. Na ce masa kawu fim ne, ba a samun komai daidai, ya zauna don Allah. Ya zauna yana ƙunƙuni. Abin haushin, fim ɗin namu ne ya ci wannan kyautar. Kawu ya riƙe baki, ya ce to lallai alƙalan ba su taɓa jiƙa ƙafa ba.

Sai aka zo inda nake jira, kyautar jarumar shekara. Na ce kowa ya yi shiru, na ƙara murya. Aka nuna yankin da ta yi fice a kansa, wato ranar tashi. Ga yarinyar nan cikin ɗaurin zanin da Inna ta koya mata, ta faɗi ƙasa tana birgima, ta damƙi ƙasa a hannu biyu tana kururuwa, maza biyu na jan ta zuwa jirgi. Mutanen da ke ɗakin taro suka miƙe tsaye suna tafi. A rumfata ma mata sun fara share hawaye, ni har na riga su.

Inna da ke gyangyaɗi ɗazu sai ga ta zaune ƙyam. Ta ce, "Wa ya koya mata wanga? Ba ni ba."

Na ce mata eh, Inna, bari dai mu ji. An kira sunan yarinyar, ta hau dandamali, an miƙa mata kyauta, ta karɓi makirfo. Inna kuwa ta juya wajen kawu ta ci gaba, rabi Hausa rabi Gunganci, da muryarta ta mai kiran mutum daga wancan ƙetare. Tana tambayarsa ko shi ya ga wadda ta yi birgima a ranar. Kawu ya ce bai gani ba. Ta ce to ƙarya ce aka yi musu, kuma ake tafa wa ƙarya. Yarinyar a talabijin ta gode wa Allah, ta gode wa iyayenta, ta gode wa darakta. Ina ganin bakinta na motsi, ina jin Inna. Na ce Inna. Ba ta ji ba. Na sake cewa Inna. Sai na ji kamar yarinyar ta ce Yawuri, kuma a daidai nan Inna ta ƙara ɗaga murya.

Ban san sanda na ce, "Inna, don Allah ki yi mana shiru mana!" ba.

Ta yi shirun. Kowa ma ya yi. Ba a jin komai sai janareta da tafin mutanen birni, domin yarinyar ta riga ta gama ta sauka. Inna ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da ake yi wa baƙon da ba a gane ba. Ta dafa gwiwa ta tashi, ta shige ɗakinta ta saki labule.

Kuma kun san wani abu? Ko a lokacin ban dawo hayyacina ba. Juyawa na yi ina tambayar mutane me yarinyar ta ce. Wata ta ce ta ji an ce wata tsohuwa a Yawuri. Wata ta ce a'a, wata baiwar Allah aka ce. Mutumin Shanga ya rantse ba Yawuri ta ce ba, yawanci ta ce. Ba wanda ya ji suna, nata ko nawa. Baƙi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na sallama ƙasa-ƙasa. Na ji wata a zaure tana cewa tsohuwar ma ta cika rigima, ana karrama ta tana faɗa, wata kuma na amsa mata da cewa ko me ta yi ai uwa ce. Mijina ya kashe janareta ya kwashe wayoyi.

Kawu ne ya tsaya. Ya ce ɗiyata, ke malama ce, kin fi mu karatu, amma yau kin yi abin da ko ɗan da bai shiga aji ba ba zai yi ba. Washegari da sassafe ya bi jirgi ya koma, ko karin kumallo bai tsaya ba.

Kwana biyu Inna ba ta ce mini komai ba bayan amsa gaisuwa. Ni kuma ina ta kumbura, ina gaya wa kaina ai ni aka ɓata wa. Na kashe kuɗi, na tara jama'a, duk don ita, ta zo ta rushe. A makaranta kuwa ba wadda ta tayar da zancen, sai dai in na shiga ɗakin malamai hira ta canza. A rana ta uku na gaji da kaina. Da na dawo daga aiki na same ta a bayan ɗaki tana ɓare albasa, na durƙusa na ce ta yafe mini.

Ta ce ta yafe tun ranar. Ta ci gaba da aikinta. Har na yunƙura zan tashi sai ta ce in zauna.

Ta ce ranar da aka tashe su ba wanda ya yi kuka, ko mutum ɗaya. Babu lokacinsa. Jirage na jira, wani ma'aikaci na tsaye da takarda yana kiran gida-gida, awaki na tsinke igiya, uwar mijinta na ta faɗa a kan tukwane. Ita tana goye da yayana, hankalinta duk yana kan kada a manta da irin albasa. Wasu ma murna suke, an ce musu gidan siminti za su shiga. Da yawa kuma ba su yarda ruwa zai kai can ba, suna cewa in damina ta wuce za a dawo. Ta ce ita da kanta sai da ta ja asabarin ɗakinta ta danne da dutse, don kada kaji su shiga su ɓata mata kafin ta dawo.

Sai bayan wata da watanni, ruwa ya cika, uban mijinta ya ce a zo a je a gani. Suka shiga jirgi su biyar. Suka yi ta tafiya, har tsohon ya ɗaga filafili ya duba gabas ya duba yamma, ya ce nan ne. Ba komai sai ruwa, ko kan itace babu.

Ta ce, "Ɗiyata ta fari tana nan ƙasa. Kafin yayanki. Wata bakwai ta yi. Bayan ɗakina munka sa ta."

Ban taɓa sanin an yi ta ba. Shekarata arba'in da wani abu a lokacin, ina zaton yayana ne ɗan fari.

Na tambaye ta ko a nan ta yi kukan. Ta ce a gaban surukinta, kuma a kan ɗiyar fari? Ta ce hannu kawai ta sa cikin ruwan, kamar mai wanke shi, har aka juya jirgi. Ta ce abin da ya ƙona mata rai ranar Lahadi shi ne an mai da su mahaukata masu birgima a ƙasa, alhali su da ƙafarsu suka shiga jirgi, da kayansu a ɗaure, ba wanda ya ja su. Kuma ta faɗa wa yarinyar hakan, ta ce mata ba a yi kuka ba.

Sannan ta ɗago ta dube ni. "Gabanki na faɗi. Ke ce mai juya magana."

Na tuna sarai. Yarinyar ta tambaya yaya ranar ta kasance, Inna ta amsa da Gunganci cewa ba wanda ya yi kuka, aiki ya yi yawa. Ni kuma na ga wannan ba amsar da za a ba 'yan fim ba ce. Na ce musu ta ce ranar ba wanda bai zubar da hawaye ba, har darakta ya girgiza kai ya rubuta a littafinsa. Wato birgimar nan da aka ba kyauta, wadda na jiƙa mayafi a kanta sau biyu, da hannuna a ciki. Na tara unguwa guda, na dafa shinkafa, don a zo a kalli ƙaryata, sannan na daka wa mai gaskiyar tsawa.

Na faɗa mata. Ta ce ta sani, ai tana jin Hausa. Ta ƙyale ni ne a ranar don kada ta kunyata ni gaban baƙi. Wannan maganar ta fi tsawar da na yi mata zafi sau goma, kuma a hankali ta faɗe ta, tana ɓare albasa.

Har yau ban san abin da yarinyar ta ce a kan dandamali ba. Tashar ba ta sake nuna bikin ba, ni kuma kunya ta hana ni kiran darakta in tambaya. Wani lokaci abin yana ba ni haushi, awa huɗu na zama da mai da shinkafa, a ce jimla ɗayar da aka taru dominta ita ce ba a ji ba. Amma na daina ɗora wa Inna. Kuma tun daga lokacin, in na ga ana tafa wa wani a talabijin saboda ya yi kukan wasu mutane da kyau, sai in ji ina son sanin ko an tambayi mutanen, kuma wa ya yi tafinta.

Bayan wannan na sayi littafin rubutu mai kauri. Duk Asabar da hantsi sai in zauna kusa da ita, tana faɗa ina rubutawa: sunayen unguwannin tsibirin, wa ke maƙwabtaka da wa, inda ake dasa albasa, inda mata ke wanka. Sharaɗinta ɗaya, in na gama shafi sai na karanta mata. Ba ta yi boko ba, amma ko kalma ɗaya na ƙara sai ta kama ni, ta ce wannan ba ita ta faɗa ba, in goge. Na yi gogewa har takarda ta huje a wasu wurare. Mun cika littafi biyu kafin Allah ya karɓi abinsa.

A wata Asabar ɗin ne, muna tsakiyar lissafa mutanen gidansu, ta faɗi sunan yarinyar nan da ke ƙarƙashin ruwa. Sau ɗaya ta faɗa, a hankali. Na sa biro a takarda, sai ta dafa hannuna ta ce wannan ba na littafi ba ne, in riƙe shi kawai.

Ina riƙe da shi.